Sallau da Jif Biyu

A gidan Alhaji Mamuda na Funtuwa akwai ƙanensa Sallau, direban gidan, bawan Allahn da in ka ce ya zauna, sai ka dawo ka ce ya tashi. Duk duniya ba abin da yake so kamar ya ji makullin mota a aljihunsa. Da iyali suka yi yawa, dillali ya kawo jif biyu, fara da baƙa, a gwada a zaɓa.

Wata rana Alhaji ya ce, "Farar nan ta san hanya. Abin da ta ce shi za ka yi." Da Sallau ya ji muryar mace na fitowa daga motar, sai ya leƙa ƙarƙashin kujera, ya buɗe but, yana neman matar da ke magana a ciki. Bai gan ta ba, ya dai gaishe ta. Suna tafe ta ce a yi dama. Dama kuwa gonar gero ce, an daɗe da nome tsohuwar hanyar. Gogan naka ya kutsa. Mai gona ya taso da fartanya, Sallau ya nuna masa allon motar ya ce, "Baba, ga mai laifin nan, ku yi magana."

Wata rana kuma allon baƙar ya daskare, kiɗa na tashi, ya ƙi raguwa. Dillali ya ce masa a waya, "Kashe ta nan take, ka bar ta ta huta." A tsakiyar hanyar kasuwa suke, amma ina ruwan Sallau. Ya kashe ta, ya lulluɓe ta da tabarma saboda rana, yana roƙon masu danna oda su yi a hankali. Alhaji ya rantse in aka ƙara, zai karɓe makulli. Ranar Sallau ko tuwo bai iya ci ba.

Wata rana za a je suna Zariya, Alhaji ya ce, "Ka ɗauki Inna a wadda ba ta taɓa ba ka kunya ba." Sallau ya dubi fara, ya dubi baƙa, ya je ya tayar da tsohuwar akwalar gidan, ya sa mahaifiyarsu a ciki suka wuce. Alhaji ya hasala, ya bi su a farar don ya karɓe makulli. Ya tsaya shan mai a Giwa, sai allon ya ce motar tana sabunta kanta, a jira. Har la'asar ta ƙi tashi.

Ya kira Sallau. "Kuna ina?"

"Har mun ci tuwon suna, Yaya."

"Zo ka ɗauke ni."

"In kawo makullin, ko in aiko da shi?"

Alhaji ya dubi allon farar.

"Riƙe abinka, Sallau. Ka dai zo a wadda ba ta magana."