Yadda Za Ka Zama Kwamared a Bronx Ba Tare da Ka Kare Kowa Ba

Ɗan uwa, matso kusa. Kana so abokan aikinka su riƙa kiran ka Kwamared, a ba ka kujerar gaba a taro, manaja kuma ya ci gaba da yi maka murmushi? Ka zo inda ya dace. Ni ne Kwamared Ja'afar, shekara huɗu ina wakilin ma'aikata a wani gidan kula da tsofaffi da ke University Heights, kuma ko sau ɗaya ban taɓa ɓata wa masu gidan rai ba. Bi matakan nan bakwai, na ba ka tabbacin nasara. In ba su yi maka aiki ba, to kai ne ka bari tausayi ya shiga.

Mataki na 1: Nemi ƙasa mai nisa

Wakili ba ya cika wakili sai da ƙasar da zai riƙa kafa hujja da ita. Kada ka ɗauki Faransa, 'yan Nijar sun san ta, za su ƙure ka. Kada ka ɗauki London, kowane ɗan Ghana yana da ƙani a can. Ɗauki Scotland. Ni wata tara na yi a Glasgow ina wani kwas, rabinsu a ɗaki na yi su saboda ruwan sama, amma har yau ina cin moriyarsu. Da su aka zaɓe ni, ba hamayya.

Mataki na 2: Haddace abu uku

A can, maganin da likita ya rubuta kyauta ne. Matasa da tsofaffi suna hawa bas kyauta. Jirgin ƙasansu yana hannun gwamnati. Shi ke nan, ka gama karatu. Faɗe su a ɗakin cin abinci, ka girgiza kai, ka ce, "Su can ma'aikaci mutum ne."

Wani mai shisshigi zai tambaya yadda aka yi ma'aikatan can suke da bakin magana. Kada ka kuskura ka ce ka gan su ta tagar bas, sun tsaya a ƙofar ma'aikata cikin ruwa da sanyi saboda an taɓa mutum ɗaya a cikinsu. Wannan amsa tana jawo aiki. Yi gyaran murya, ka ce siyasarsu mai zurfi ce, ka dulmiya cikin maganar majalisar Edinburgh da rigimar ɓallewa daga Birtaniya, har lokacin hutu ya ƙare.

Mataki na 3: Buga tebur

Za a wayi gari an rage ma'aikata. Mu a wurinmu masu shara da goge-goge shida ne, aka mayar da su huɗu, mutum ɗaya ya koma riƙe hawa biyu. Kira taro. Sa hular ƙungiya, ka naɗa gyalen nan mai zane-zane da ka sayo a filin jirgi. Bari kowa ya gama kuka, sannan ka miƙe ka buga tebur, ka ce, "A Scotland babu wanda ya isa!" Za a tafa. Kafin tafin ya lafa ka ba da shawarar a kafa kwamiti. Masana sun tabbatar cewa babu fushin da ke kai sati biyu a cikin kwamiti.

Mataki na 4: San doka, ka adana ta

Akwai wata ƙa'ida. Idan manaja ya kira ma'aikaci ofis kan maganar da za ta iya kai shi ga hukunci, ma'aikacin yana da damar cewa ba zai yi magana ba sai wakilinsa na zaune. Amma sai shi ya nema da bakinsa. Kai ka san haka. Ka kuma san mutanenmu: an tarbiyyantar da mu cewa babba ba ya jira, in ya ce zo sai ka zo, in ya miƙo takarda sai ka sa hannu biyu ka karɓa. Don haka kada ka wahalar da su da wannan ilimi. Ajiye shi a aljihu, tare da Scotland.

Mataki na 5: Idan ranar ta zo

Za ta zo. Tawa ta zo ranar wata Laraba. Ramatou, mutuniyar Maraɗi, wadda ta shekara tara tana goge benen gidan nan, tana hawa na uku lokacin da wata tsohuwa ta zame a hawa na huɗu, inda ruwa ya zube. Duka hawa biyun nata ne tun da aka rage mutane. Dole a samu mai laifi, kuma ba za a ɗora wa wanda ya rage mutanen ba.

Ta tare ni a bakin lif, manaja ya aiko a kira ta ofis. Ta ce, "Malam Ja'afar, patron ya ce in zo biro ƙarhe ukku. Don Allah ka shiga da ni, Turancinsu sauri gare shi. Aikin ga shi ka riƙe da ni da ɗiyana."

Ga abin da za ka yi. Dafa ƙirji ka ce, "Ramatou, kwantar da hankalinki. Muna tare." Kalmar "muna tare" ba ta faɗi wuri ba, ba ta faɗi lokaci ba. Ƙarfe uku saura kwata ka tuna cewa manajan nan ne zai sa hannu a hutunka na zuwa gida. Sai ka sauka ƙasa, ka sa wayarka a shiru, ka tsawaita alwala.

Ita ba za ta bar babba yana jira ba. Za ta shiga. Za a miƙo mata takarda, a ce in ta sa hannu magana ta ƙare. Za ta sa. Takardar ta ajiye aiki ce da son ranta.

Mataki na 6: Jure wa Suweiba

Kowace ma'aikata tana da Suweiba. Tamu 'yar zangon Kumasi ce, mai dafa abinci, ba ta san inda Scotland take ba kuma ba ta nema. Ta same ni a ɗakin cin abinci, a gaban kowa, ta ce, "Ei, Kwamared! Missed call bakwai. Na ƙirga a wayar Ramatou. Ina kake?"

Kada ka yi gardama. Sunkuyar da kai ka ce, "Hajiya Suweiba, tsarin ƙasar nan ne ya lalace. Da a Scotland ne..."

Ta ce, "Ofishin manaja a second floor yake. Ba a hawa jirgi."

Maganar za ta yi ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Amma dake. Suweiba za ta kwashe makonni tana zarya da Ramatou wurin lauyan ƙungiya, za a ce musu takardar da aka sa wa hannu da wuyar warwarewa. Kai kuwa ka rubuta doguwar sanarwa a WhatsApp kana Allah wadai, ka rufe da "Gwagwarmaya na ci gaba." Hularka na nan a kanka.

Mataki na 7: Canza hanya

Yanzu Ramatou tana sayar da safa da hular sanyi a kan tebur, kusa da titin Grand Concourse, daidai hanyata ta zuwa tashar jirgin ƙasa. Da za ta zage ni da na huta. Ba ta zagi. Ranar farko da ta hango ni sai ta miƙe, ta gaishe ni da girmamawa, ta ce, "Malam Ja'afar, na san ka yi iyakar ƙoƙarinka. Allah shi saka." Ta ɗauki safa ƙafa biyu ta cusa mini a hannu, ta rantse ba za ta karɓi ko sisi ba.

Saboda haka nemi wata tasha. Tawa ta ƙara mini tafiyar minti ashirin kullum, har ranar da ake zuba ƙanƙara. Likitoci sun ce tafiya tana da amfani ga zuciya.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. In aka tsige ka, kai da Suweibarka. In ba a tsige ka ba, wannan ma ruwanka. Mutanen Scotland kuma ba su aike ka ba, su da suke tsayuwa a ruwa. Musamman ban ɗauki alhakin safar ba: ban san inda ake kai ta ba. Tawa tana cikin durowa wata goma sha ɗaya, na kasa sawa, na kasa yarwa.