Furen Kyaftin

A duk unguwar babu wanda ya san teku kamar Kyaftin. Gaskiya ne bai taɓa ganinsa ido da ido ba, ko kwale-kwale bai taɓa shiga ba, amma wannan ƙaramin abu ne a wurin mai ilimi. A ofis shi ne mataimaki na biyu a sashen ajiyar fayil. A gida kuwa, tun ranar da ya sayo akwatin gilashi mai cin ruwa lita ashirin, ya sanar da iyalinsa cewa daga yau Kyaftin ne sunansa. Ya sayi farar hula ya tabbatar da muƙamin.

Tekun nasa bai fi bokitin wanka ba. An girke shi a falo, inda talabijin take a da. A ciki akwai duwatsu uku, kifaye biyu masu ratsin fari da ruwan lemo, da 'yan rassan murjani mai rai, irin wanda ke buɗewa kamar fure idan an kunna masa fitila shuɗiya. Duk wanda ya shigo gidan, ko da mai karanta mitar wuta ne, sai ya sha lacca kafin ya fita.

"Abin da kake gani nan ba kiwon kifi ba ne," in ji Kyaftin, hannuwa a baya. "Mulki ne. Wanda ya riƙe teku a falonsa, me kuma zai gagare shi?"

Mai shagon kifin, wani dattijo mai haƙuri, ya ba shi shawara ɗaya tak ranar ciniki. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙaramin akwati ba ya yafe kuskure. Ruwa yana ƙafewa, gishiri kuwa ba ya zuwa ko'ina. In ka ga ya ragu, ka cika da ruwan daɗi, kada ka ƙara na gishiri."

Kyaftin ya yi masa murmushin tausayi. A mota ya bayyana wa matarsa cewa dattijon ɗan kasuwa ne, ba masani ba. A ina aka taɓa jin an zuba wa teku ruwan daɗi?

Saboda haka duk mako sai ya dama gishiri ya ƙara. Murjanin ya tsuke, ya yi fari, ya mutu reshe bayan reshe. Kifayen suka koma lungu suna haki.

"Baban yara, kifayen nan kamar ba sa jin daɗi," in ji matarsa.

"Tunani suke yi."

Shekara ashirin suna tare, ta san inda gardama take ƙarewa. Da ya tafi aiki ta kwashe su a kwalba ta mayar wa dattijo. Kyaftin ya yi fushin kwana biyu, a na uku ya fara gaya wa baƙi cewa shi ya yi musu canjin wurin aiki.

Ana nan sai ga wani abu ya tsiro a jikin dutse, ɗan mitsitsi, ruwan ƙasa, da siraran hannuwa suna rausaya kamar ana yi masa kiɗa. Kafin wata ya zama goma. Kafin wata biyu ya rufe duwatsun, ya hau gilashi. Kyaftin ya zauna gabansa da gilashin ƙara girma da littafin rubutu, ya gama bincike cikin yini ɗaya. Sakamakon shi ne, an samu sabuwar halitta, kuma saboda tawali'u ba zai sa mata cikakken sunansa ba. Furen Kyaftin ya isa.

Ya kuwa zo a kan gaɓa, don ƙungiyar masu kiwon kifin ado tana shirin zaɓen shugaba. Mutum goma sha ɗaya ne har da shi, yawancinsu sababbin shiga harkar ruwan gishiri, kuma dattijon nan mai shagon kifi da suke tambaya yana kwance an yi masa aikin ido. Kyaftin ya bi su gida-gida yana neman ƙuri'a, ya ba kowa tsakuwa ɗaya mai fure a kai. Suka karɓa da hannu biyu, suna yi wa rogo kallon kitse.

Ranar zaɓe ya zo da hularsa, ya ajiye kwalbar fure a kan tebur, ya gyara murya.

"'Yan uwa, inda murjanin kanti ya gaza, nawa ya yi nasara. Ba ya ciwo, ba ya mutuwa, haihuwa kawai yake yi. Haka ƙungiyar nan za ta zama a hannuna."

Wata likitar haƙori ta ɗaga hannu. Ta ce tun da furen ya shiga akwatinta, duk murjanin da ke kusa da shi ya ƙone. Wani tela ya ce nasa ma haka. Wani malamin lissafi ya ɗaga hoton akwatinsa a waya, duk murjanin ciki ya mutu.

Dattijo, wanda ranar ce farkon fitowarsa, ya jawo kwalbar ya kai ta kusa da sabon idonsa.

"Wannan ai ciyawa ce," ya ce. "Harbin murjani take yi har ta kashe shi. Mu in muka gan ta a jikin dutse, dutsen muke jefarwa. Kuma kada kowa ya tsinke ta, kowane guntu sabuwa yake zama. Sai dai a bi ta da sirinji, ɗaya bayan ɗaya, ana ɗura mata magani a baki."

Kyaftin ya ce duk babban bincike da hassada yake farawa. Aka kaɗa ƙuri'a, likita ta zama shugaba, kuma aikinta na farko shi ne kafa kwamitin kawar da ciyawa, mai mutum ɗaya. Ta ce a ganinta babu wanda ya cancanta sai Kyaftin. Hannuwa goma suka tashi lokaci guda.

Kyaftin ya tambaya ko muƙamin yana da hatimi. Aka ce za a yi masa.

Yanzu duk Asabar za ka same shi a falon wani, ya naɗe hannun riga, yana durƙushe da sirinji, mai gida na tsaye a kansa yana nuna masa wadda ya tsallake. Ran Litinin kuma ya shiga ofis yana ƙorafin gajiya, wai ƙwararre ba shi da hutu, gidaje goma ke layin jiransa.

A nan kam bai yi ƙarya ba. Gidan tela kaɗai ya je sau bakwai, har yau bai gama bango ɗaya ba.