Goma Bisa Goma

Ba zan taɓa mantawa da ranar da bangon aji ya tona min asiri ba, kuma a gaban mutanen ƙasa biyu.

Lokacin ina koyar da harkar kasuwanci a wata kwaleji a Ƙaura. Jihar Zamfara ba ta daɗe da samuwa ba, ga Shari'a ta kafu, maza gefe mata gefe a aji, intanet kuwa baƙo ne. An kafa mana wani faranti a kan rufi, wai ta nan ake magana da duniya. Ana nan sai aka haɗa mu da wata jami'a a ƙasar Holan: ɗalibanmu da nasu za su yi kwas ɗaya, ba tare da kowa ya hau jirgi ba. Ikon Allah! Ranar farko da majigi ya haska fuskokinsu a bango, suna motsi, suna ɗaga mana hannu, wallahi sai da na matsa kusa na ƙara dubawa.

Ni da malamarsu, wata dattijuwa da muke ce wa Madam, muka tsara aikin. Aka gauraya yaran ƙungiya-ƙungiya, namu da nasu, kowace ta fito da hanyar da riɗin Zamfara zai bi ya kai kantunan Turai. Da aka zo batun maki, sai na ce yau zan nuna wa matar nan mu ma mun yi boko. Na ce jarrabawa tsohon yayi ce. A bar kowane ɗalibi ya auna ƙoƙarinsa ya ba kansa maki bisa goma, rabin sakamakonsa ya fito daga nan. (A wata mujalla na tsinto dabarar, ko ƙarshen shafin ban karanta ba.) Madam ta tambaya ko hakan zai dace da mutanenmu.

Na ce, "Haba Madam! Ni na san yarana."

Yara kam sun yi aiki, musamman Lawali, ɗan Badarawa. Maimaita kwas ɗin yake yi, in ya sake faɗuwa korarsa za a yi, ga mahaifinsa manomi ya zuba ido. Duk ranar kasuwar Shinkafi yana can cikin dillalai, yana tambayar yadda ake auna riɗi, yadda ake tace shi, wace mota ke ɗauka. Ya dawo buɗu-buɗu ya zauna gaban kwamfuta yana aika wa Turawansa.

Ranar rufe kwas, shugaban kwaleji ya zo da baƙinsa, na sha babbar riga. Kwamfuta ta haɗa maki, Madam ta hasko sakamako a bango. Turawa duk suna sama. Namu kuwa sun yi jerin gwano a ƙasa, Lawali ne na ƙarshe, ya faɗi warwas.

Raina ya ɓaci. Ban tsaya bincike ba, na miƙe na fara zazzaga musu faɗa, da Turanci ma don a ji a can. Na ce malalata, na ce sun kunyata jiha.

Sai wata yarinya cikin Turawan da ke bangon ta ɗaga hannu. Muryarta na yankewa tana dawowa, amma mun ji ta sarai. Ta ce ba ta yarda ba. Ta ce ba don Lawali ba da ƙungiyarsu ba ta da abin rubutawa, ita ko ganin riɗi a buhu ba ta taɓa yi ba. In shi ya faɗi, to ita ma a kayar da ita. Mutum a wata uwa duniya yana kare yaron Badarawa, ni malaminsa ina tsaye ina zaginsa!

Madam ta buɗe makin da kowa ya ba kansa. Nasu takwas, tara. Namu uku, huɗu. Lawali biyu.

Na ce, "Lawali, me ya kai ka?"

Ya sunkuyar da kai. "Malam, mi za ni cewa? In tashi in ce ni na hi kowa? Yabon kai jahilci na. Kuma aikin ga tare munka yi shi."

Madam ta cire tabarau, ta ce shekarunta da yawa tana koyarwa, ba ta taɓa ganin ɗalibai irin waɗannan ba. Sai ta ci gaba da gangarowa ƙasan shafin. Ni kuwa na manta shaf cewa mu ma malamai mun auna kanmu a kan tsarin kwas ɗin. Madam ta ba kanta shida. Ga sunana nan ɓaro-ɓaro, goma bisa goma, har da ƙarin bayani da hannuna: "Tsari mara aibu."

Innalillahi! Na so ƙasa ta tsage in shige, rigar tawa ta yi min nauyi. Shugaba ya yi gyaran murya ya ce, "Ashe dai an samu mutum ɗaya da ya ci a Zamfara." Lawali, bawan Allah, ya so ya rufa min asiri, ya ce, "Ai Malam ya cancanta." Nan ne dariyar da ake ta dannewa ta ƙwace, har ɓangaren mata.

Muka soke wancan makin. Aka tambayi kowane ɗalibi abin da ɗan ƙungiyarsa ya yi, aka auna da wannan. Lawali ya fito cikin na gaba-gaba, ba a kore shi ba.

Na dai koyi cewa in kana son sanin ƙoƙarin Bahaushe, maƙwabcinsa za ka tambaya. Ni ma tun daga ranar, duk inda aka ce in auna kaina, biyar nake sawa, in koma gefe in jira wani ya ƙara min. Har yau ba wanda ya ƙara.