Mota Ɗaya Ta Isa

Wani direban tasi ne, ɗansa ya dawo daga makaranta yana kuka. An ce zai maimaita aji, maki ɗaya tal ya rasa a lissafi.

Uban ya ce, "Karanto min wadda ka faɗi."

Yaro ya karanta: "Mota tana ɗaukar mutum huɗu. Ga fasinja sha biyu. Mota nawa ake buƙata?"

"Me ka rubuta?"

"Ɗaya, Baba."

"Ɗan albarka! To me aka ce?"

"Wai uku ne. Ɗan likita ya rubuta uku, an ba shi."

Gogan naka ko hula bai tsaya sakawa ba, ya figi mota sai makaranta. Ya tarar da malamin lissafi a ofis yana shan shayi.

Ya ce, "Malam, tsakani da Allah, mota uku don mutum sha biyu? Jana'iza za a kai? Shi ɗan likita ai ba laifinsa ba ne, ubansa shi kaɗai yake zama a mota kamar maraya. Nawa kuwa a tasha ya buɗe ido. Abin da ya sani ya rubuta!"

Malam ya yi murmushi ya ce, "Direba, littafi ne ya ce huɗu."

"Littafin ya taɓa yin lodi?"

Hedimasta da ke gefe ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce, "Shi ke nan. Ka ɗauki mutum sha biyu daga nan zuwa bakin get, a ba yaronka makinsa."

Nan take direba ya hau lodi. Malamai biyar a baya, biyu a kan cinyarsu. Hedimasta da malamin lissafi a gaba. Masinja a kan giya. Maigadi da mai shara a but, ƙafafu a waje.

Malamin tarihi yana ihu, "Wayyo haƙarƙarina!"

Direba ya ce, "Yi haƙuri Malam, ka riƙa numfashi da gefe ɗaya."

Ya danna ƙofa da gwiwa, ta rufu. Malamin lissafi, kunci manne da gilashi, ya zaro jan biro da ƙyar ya ce, "Ja mu je, na yarda."

Direba ya matsa ya shiga, ya murza makulli. Ƙyar-ƙyar-ƙyar. Ya sake murzawa. Tsit.

Ya waiwayo yana sosa ƙeya ya ce, "Ranku ya daɗe, dama sai an ɗan tura ta."

Haka suka firfito, har da hedimasta, suna turi suna gumi, shi yana ciki riƙe da sitiyari. Suna isa get ya leƙo ta taga ya ce, "To Malam, ga mu a get. A sa wa yaro makinsa!"

Malam ya mayar da biro aljihu, yana haki ya ce, "Direba, tambayar mota nawa za ta kai mutum sha biyu ce, ba mutum nawa za su kai mota ba."