Rasuwar Tagwayen Tiwita na Motar Auta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ɗan gurbin da ya rage a cikinta ma takaici ya cike shi, Auta mai shagon gyaran agogo yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tiwitocinsa guda biyu, ta dama da ta hagu, ƙananan sifikun nan da ke zaune a kusurwoyin dashbod ɗin motarsa. Sun rasu ranar Lahadi da rana tsaka, lokaci ɗaya, a hannun Yayansa uwa ɗaya uba ɗaya.

Kowacce cikin mamatan ba ta fi murfin kwalba girma ba, amma duk wata siririyar murya da ke cikin waƙa ta bakinsu take fitowa. Su ne masu "tsss" da "tsilin", su ne ke kawo numfashin da mawaƙiya ke ja kafin ta ɗauki baiti. Ba su taɓa yi wa kowa tsawa ba, ba su taɓa soke kunnen fasinja ba. Abin da aka ba su shi suke faɗa, ba ƙari ba ragi, halin da wasu manya a gidan har yau ba su koya ba.

Auta bai yi musu tarbiyyar gama-gari ba. Mutane sukan ɗaure sifiku a waya ɗaya, kowacce ta ci abin da ta samu. Shi kuwa kowace sifika ya ja mata wayarta daga amfilifaya, ya sa na'urar raba sauti a gaba tana rabo kamar uwa a bakin tukunya: mai nauyi, wato bes, na babbar sifikar cikin but a bayan mota, matsakaici na sifikun midbes biyu da ke cikin ƙofofi, siriri zalla na tagwaye. Ya ci ranakun hutunsa a gareji, murafan ƙofofi a kwance a ƙasa, awon tela a hannu, yana auna nisan kowace sifika zuwa kunnensa don ta dama da ta hagu su iso tare. Ranar da muryar mawaƙiya ta tsaya cak a tsakiyar gilashin gaba, sai da ya share hawaye. Matarsa ta gani, ta kuma ba da labari.

Sharaɗin rayuwar tagwaye ɗaya ne tak: kada bes ya taɓa su. Auta ya faɗa wa Yaya wannan cikin ladabi, ranar da Yaya ya sauke makullin sifiya, wato makullin motar na biyu, daga kan ƙusa ya jefa a aljihu ba tare da ya tambayi kowa ba. Yaya ya ce, "Ni da na koya maka tuƙi za ka koya wa kunna rediyo?" Tun rasuwar mahaifinsu Yaya ne uba, kuma tun da Auta ya iya magana bai taɓa ce masa a'a ba, ko a kan takalmi, ko a kan wayar hannu, balle mota.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Yaya ya kwashi abokansa, aka hau titi, sai ya ce wai kiɗan ba ya dukan ƙirji. Ya shiga danne-danne har ya kai inda ake mayar da komai yadda ya fito daga kamfani. Na'urar, baiwar Allah, sai da ta tambaye shi ko ya tabbata. Yaya, wanda bai taɓa rashin tabbas a kan komai ba a duniya, ya danna mata e. Rabo ya rushe, bes ya kwararo cikin tagwaye, shi kuma ya murɗa ƙara har ƙarshe. Abokinsa da ke gidan gaba ya shaida cewa sun yi "kirrr", sun yi "ƙyas-ƙyas", sannan "fut", sai ƙauri. Yaya ya sauke gilashi don warin ya fita, aka ci gaba da tafiya. Da ya dawo da motar, abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Auta, rediyon nan taka mura take yi."

Mura. Auta na son a san cewa kalmar nan ta fi masa rasuwar zafi.

Sun bar midbes biyu, waɗanda yanzu duk waƙar da suka ɗauka kamar daga ƙarƙashin bargo take fitowa. Sun bar babbar sifikar but, mai ƙaton ciki, tana ta "dum-dum" ɗinta kamar ba ita ce abincinta ya kashe yara ba. Sun bar amfilifaya da layi biyu a bushe, da kuma Auta, wanda ke zuwa shago yanzu shiru, ba abin da yake ji sai ƙarar injin.

Ana roƙon masu zuwa gaisuwa su tauna maganarsu kafin su fito da ita. Mai haɗa waya na bakin titi, da ke yawo yana cewa ai ya ba da shawarar a sa ɗan kafasita mai tare bes a bayan kowace tiwita don irin wannan rana, ya riƙe ta'aziyyarsa, ba a buƙata. Kafasita ba ta maganin mutumin da na'ura ta gargaɗe shi ya ƙi ji. Mama ta riga ta yi tata gaisuwar, ta ce, "Ba rediyo ba ce? Yayanka ne fa." An karɓa, tunda uwa ce. Matar mai mota kuma, da ta ce yanzu dai in ta yi magana a mota ana jin ta, an ji ta ɗin, kuma ba a ji daɗi ba.

Yaya kuwa har yanzu bai zo gaisuwa ba. Aike ya yi cewa a wanke masa motar, yana da tafiya ranar Asabar da safe.

Don haka an sa jana'iza ranar Asabar da safe, a garejin gidan. Za a kwance mamatan daga dashbod, a naɗe su a ƙyallen goge gilashi, a sa su a kwalin da suka zo a ciki. Motar za ta yi zaman makoki, ba za ta fita ko bakin ƙofa ba. Ba a karɓar sababbin sifiku, ba a karɓar nasiha, ba a karɓar "ka yi haƙuri". Za a ajiye faranti ɗaya a kan bonet, kuma abu ɗaya ake jira ya faɗa cikinsa, wato makullin sifiya da ke aljihun Yaya. Auta zai tsaya kusa da farantin, zai gaida Yaya cikin ladabi kamar kullum. In Yaya ya ce a buɗe masa ƙofar gareji, a nan ne, gaban mamatan da gaban Mama, zai ji kalmar da ƙaninsa bai taɓa faɗa masa ba. Ana shawartarsa ya zo da takalmi mai daɗin tafiya.