Rasuwar Hajiya Bashe, Wadda Biyayya Ta Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da riga mai cike da laka, Malam Inusa Grema, manomin tattasai a bakin kogin Komadugu, yake sanar da ƴan uwa da abokan arziki na Diffa da Baroua da kewaye rasuwar motarsa mai buɗaɗɗen baya, wadda kowa ya sani da Hajiya Bashe. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan hanyar garka, bayan gajeriyar lafiya da ba ta saba da ita ba.

Ba a san shekarunta ba, domin Malam Inusa ya same ta da tsufanta. Abin da aka sani shi ne ta girmi duk ƴaƴan gidan, kuma ta fi su zama a gida. Ita ta kwashe iyali daga Baroua a shekarar da zama ya gagara. A lokacin da aka hana hawan babur, ita ce ke kai masu naƙuda likita, kuma saboda girgizarta ba kowace ce ke ƙarasawa da cikin ba. Da asuba takan ce kyar-kyar-kyar, ta yi shiru, ta jira a tara mata masu turi. In ta tashi kuwa, tuf-tuf-tuf ɗinta kan riga ta isa shingen jandarmomi, har su ɗaga sanda tun ba su gan ta ba.

Amma babban halin marigayiya shi ne nazari. Ba ta taɓa karɓar umarni da gaggawa ba. In aka murɗa sitiyari, sai ta saurara, ta duba ko maganar ta dace, sannan ta ce ƙiii ta karkata a hankali. Malam Inusa ya san wannan hali, don haka yakan fara murɗawa tun kwana tana nesa, ya ba ta rabin zagaye kyauta kafin a shiga magana. A haka suka zauna lafiya, babu wanda ya taɓa jin kansu.

Ciwon ajali ya fara ne daga bakin Khalilu, babban ɗan gidan, wanda ya wayi gari ya ce shi Djado za shi haƙar zinariya kamar sa'o'insa. Malam Inusa ya san samarin da suka tafi can, ya kuma san gidajen da har yau ake jiran waya. Barci ya ƙaurace masa. Sai ya ce ga mota nan, Khalilu ya riƙa kai tattasai kasuwa, ya zama mai sana'a a gaban iyayensa. Khalilu ya durƙusa da ladabi ya ce Baba ya yi haƙuri, shi bai iya tuƙin tuwo ba, kuma ba zai shiga motar da sai an roƙe ta take yin kwana ba.

A nan ne babban likita ya shigo, wato Ajimi makanike, mutumin da bai taɓa ganin abu yana aiki ya ƙyale shi ba. Ya duba marigayiya ya ce akwatin sitiyarinta na zamanin Nasara ne, za a cire a sa mata kiremayer, wata doguwar sanda mai haƙora da ke tura ƙafafun gaba kai tsaye. Ya ciro ta daga gawar wata ƙaramar motar ma'aikatan agaji, wadda ba ta taɓa ɗaukar abin da ya fi jakar takardu nauyi ba. Da ta ƙi zama, ya yanke nan, ya ƙara can, ya yi walda har unguwa ta ɗauka gobara ce. Ya gwada ta a kan kwaltar hanyar Zinder, babu kaya, babu rami, ya dawo yana rantsuwa cewa yanzu da ɗan yatsa ma za a juya ta. Iyali na shaida cewa a wannan karon bai yi ƙarya ba.

Ranar Talata aka loda buhunan tattasai. Khalilu ya miƙa hannu a ba shi makulli, amma Malam Inusa, saboda tsoron kada wani abu ya sami yaron, ya ce shi zai fara gwadawa. Da suka doshi kwanar da ke gefen tsohon kwarin da kogi ya janye ya bari da laka, ya ba ta rabin zagayenta tun daga nesa, kamar yadda aka saba tsakaninsu. Marigayiya ba ta yi nazari ba. Karo na farko a rayuwarta ta ji magana nan take. Ba ta ce ƙiii ba, ta ce ƙwas, sannan ta ce cakwal. Waldar Ajimi ta rabu, ƙafafun gaba kowace ta kalli inda ta ga dama, tattasai ya bi iska, mutanen garkokin kusa suka yini suna atishawar ta'aziyya. Masu cewa laifin hannun direba ne, iyali sun ji, kuma sun yafe musu. Ya Bintu, uwargida, tana cikin waɗanda aka yafe wa.

Ta rasu ta bar mai ita da kumburi a goshi, da Ya Bintu wadda ta ce dama ta faɗa, da tayar safaya da ta riga ta mutuwa, da tsohon akwatin sitiyarinta da ke zaune lafiya lau a garejin Ajimi, babu abin da ya same shi.

Game da jana'iza: gawa na nan inda ta faɗa, hanci a laka, baya a sama. Khalilu, wanda ya riga ya ɗaure jakarsa don bin motar Djado ta ranar Juma'a, ya tsaya ya daɗe yana kallonta, sannan ya rantse a gaban mutane cewa motar da ta fito da shi daga Baroua ba za ta ruɓe a kwari ba, kuma ba zai taka hanyar Djado ba sai ya fiddo ta da hannunsa ya ji kyar-kyar ɗinta. Tun ranar yake can da shebur.

Saboda haka ba a sa ranar binnewa ba, kuma ba a gaggawa. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gida bayan la'asar. Masu zuwa su zo da addu'a kawai. Duk wanda ke da tarakta, ko shanun huɗa, ko igiya mai ƙarfi, Malam Inusa na roƙonsa don girman Allah ya bar su a gida. Wanda kuma ya san wata dabara ta fiddo mota daga laka cikin sauƙi, ya riƙe ta a cikinsa. Ajimi kaɗai aka yarda ya ba Khalilu shawara.