Rimot da Hannun Lalle

Ba zan taɓa mantawa da ranar lallen Hauwa ba, kuma ko na so mantawa, dangin mijina ba za su bar ni ba.

Hauwa ƙawata ce tun sakandare, kuma ƙanwar wanda aka sa mana rana da shi. A gidansu da ke Yerimaram mutum ɗaya ake shakka, babbar yayarsu, Yaya Talatu. In ta ce yarinya ta yi, to ta yi. In ta taɓe baki, sai dai addu'a. Na hau napep daga Bolewa da buri ɗaya tak: in burge matar nan.

Bayan azahar mai lalle ta gama da mu. Falo cike da mata, hannuwa da ƙafafu duk an ɗaure a leda, ko ƙuda ba mai iya kora. Zaman ya fara gundurar mutane, sai ni sarkin iyayi na ce akwai filas a jakata, mai tura finafinai ya cika min shi jiya. Mai lalle ta jona shi a talabijin, na zaɓi wani na Turawa don kawai na ga hoton 'yan makaranta suna dariya, ta kunna ta wuce ɗakin amarya.

"Amaryarmu, kin dai kalla ko?" Yaya Talatu ta tambaye ni. "Ga Goggo zaune, ba na son abin kunya."

"Haba Yaya, na kalla har na haddace."

(Ko minti ɗaya ban taɓa gani ba. Bakina ne ya riga ni.)

Na gyara zama na kama fassara. Wani yaro ne mai gilashi, shiru-shiru, ga wata maƙwabciyarsu da suke tafiya makaranta tare, ana ta shirin walimar ƙarshen shekara. Yaron yana ta cewa akwai abin da ya kasa faɗa wa kowa. Na ce ai son yarinyar ne ke cin sa, kunya ta hana shi magana. Falo ya ɗauka! Goggo, ƙanwar babansu, har da yi masa addu'a: "Allah sarki, ɗan albarka. Allah Ya ba ka ita."

Akwai kuma wani dogo mai buga ƙwallo. Duk sanda ya ɓullo sai yaronmu ya rikice, ya zubar da littattafai, ya yi karo da ƙofa. Na ce wannan ai shi ne bos, tsoronsa yake ji. Maman Joy, maƙwabciyarsu ma'aikaciyar jinya, wadda Turanci ya zauna a bakinta, ta kalle ni ta yi tari. Ta sake yin tari. Ni kuwa na ɗauka mura ce, har sannu na yi mata.

Daɗi ya kwashe ni, domin na hango Yaya Talatu tana murmushi. Ina ƙara gishiri, ina kwaikwayon muryoyi, abin da Baturen bai faɗa ba ma ina faɗa masa.

Aka zo walima. Yaro ya shigo da fure a hannu, yarinya na tsaye cikin doguwar riga. Na ce, "Jama'a, a shirya guɗa!" Wata ma har ta fara.

Ya zo daf da ita, ta yi masa murmushi ta matsa gefe. Ya wuce ya miƙa wa dogon nan furen.

Guɗar ta maƙale a rabi.

"Wansa ne!" na ce da sauri. "An raba su tun suna yara!"

Suka riƙe hannu.

"Haka 'yan'uwa suke gaisawa a can."

Fuska ta fara matsowa kusa da fuska. Maman Joy ta ce, "Amarya, wannan fa ba gaisuwa ba ne o."

Rimot na nan kan kafet, ga hannuwa sun fi ashirin a falon, babu ko ɗaya mai amfani. Na faɗa masa da gwiwar hannu, sauti ya ƙaru. Na danna da haɓa, hoton ya tsaya cak, daidai wurin da bai kamata ya tsaya ba. Wutar da kullum ake ɗaukewa, ranar ta zauna daram. Na miƙe in kare talabijin da jikina, ledar ƙafa ta ja ni, ta hannu ta fashe, na manna yatsu biyar a farin bangonsu. Goggo ce ta cece mu, da yake ƙafa kawai aka yi mata, ta miƙa sandarta ta kashe soket.

Sai Yaya Talatu ta ce, a hankali, "Kin ce kin haddace."

Nan na gane ramin da na haƙa. In na tsaya kan maganata, da sanina na kawo wa Goggo abin kunya. In na janye, ni maƙaryaciya ce a gaban dangin miji. Na ga aurena yana ɗaga min hannu.

"Wallahi Yaya ban taɓa kalla ba. Burge ki nake son yi."

Ta dube ni, ta dubi bango, sai ta fashe da dariya har hawaye, ga shi ba halin sharewa. Falo ya bi ta. Goggo kaɗai ke ƙunƙuni, wai yanzu addu'arta ina ta nufa?

An ɗaura aurenmu lafiya. Shatin hannuna na nan a bangon, an hana fentewa, duk baƙon da ya zo sai an nuna masa.

Watanni bayan haka muna tsince shinkafa, Yaya Talatu ta waiga ta rage murya. "Wai yaron nan mai gilashi, da uwarsa ta ji, korar sa ta yi? Ya tsaya min a rai."

"Ban kalla ba, Yaya."

"Yauwa," ta ce. "Ashe kin iya faɗa."

Na iya kam. Kuma tun daga ranar, ba a ɗaure min hannu da lalle sai na tabbatar talabijin a kashe take.